Tsohon Dumega da Salular Ɗansa

Rumfata tana bakin kwalta a Kore Mairuwa, tsakanin mai facin taya da wata mata mai tuyar ƙosai. Gyaran salula nake yi tun da na bar kwaleji. A shekarun da nake magana a kansu, babu abin da ya fi ɗauke mini hankali kamar wasan tankokin yaƙi na cikin salula. Da zarar aiki ya lafa sai in jingina da dirkar rumfa in shiga yaƙi. Na ƙware ƙwarai, har ina alfahari da hakan. Na san yadda ake laɓewa bayan tudu a bar bakin bindiga kaɗai a waje, na san ba a juya wa abokin gaba gefe domin ƙarfen gefe bai kai na goshi kauri ba. A ganina na lokacin, da za a ba ni tankar gaske, da na tuƙa ta.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wani tsoho ya tsaya a gabana. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa shuɗiya ta koɗe a kafaɗu. Bayan mun gaisa ya ce daga wani ƙauye yake kusa da Dumega. Ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance shi a hankali a kan teburina. Salula ce, gilashinta ya tsattsage kamar ƙasar tafki da rani.

Ya ce, "Ta ɗana ce. Soja ne. Tare da kayanshi anka kawo muna ita."

Na gane abin da yake nufi. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce wata biyu ke nan, can yamma wajen iyaka, motar da ɗan yake tuƙawa ta taka nakiya. A can aka rufe shi. Abin da ya iso gida shi ne jaka ɗaya, da takalma, da wannan salula.

Na canza gilashin yana zaune a kan benci yana kallon hannuna. Da na sa ta a caji ta kawo haske, sai na ji ya ja numfashi. Babu lambar sirri a kanta. Na buɗe masa hotuna. Ba su da yawa: wata matashiya da jariri a goye, wadda ya ce matar ɗan ce, da wasu samari cikin kaki suna shan shayi, sai hoton wani siririn mutum mai tsayi irin na tsohon, tsaye gaban wata mota mai sulke. Ya daɗe yana kallon wannan hoton. Sannan ya ce in koma baya, akwai wani abu da ya gani tun farko. Ya sa yatsa kan wani ɗan hoto a kusurwar gilashin.

"Wanga fa, mi ne ne?"

Wasan da nake yi ne, shi ɗin dai. Na ce, "Wasa ne, Baba. Na tankokin yaƙi."

Ya ce, "Buɗe in gani."

Na buɗe, kuma nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Hannuna ya saba, sai kawai na shiga yaƙi ina so in nuna masa gwaninta. Na kutsa fili da gudu, na harbi tanka ɗaya, na harbi ta biyu, ban lura da wata da ta zagayo ta bayan wani kango ba. Ta same ni a gefe. Tankata ta tsaya cak, wuta ta kama ta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gilashin. Na yi tsaki kamar yadda na saba, na kai yatsa zan zaɓi wata. Sai ya riƙe mini hannu.

"Mutanen da ke ciki fa?"

Na ce, "Babu kowa ciki, Baba. Wasa ne kawai."

Ya saki hannuna. Ya karɓi salular, ya naɗe ta cikin tsummanta, ya yi mini godiya ya tafi. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba.

Da kasuwa ta zagayo sai ga shi. Ya ce ƙauyensu babu wuta, in sa masa caji. Ya zauna a inda ya zauna wancan karon. Can sai ya ce yana so in sake buɗe abin nan, amma kada in yi harbi. So yake in nuna masa inda mai tuƙi yake zama.

A cikin wasan akwai wani fili na koyo inda babu abokin gaba. Na nemo motar da ta fi kama da ta cikin hoton, mai tayoyi maimakon sarƙa, na juya ta a gabansa. Na nuna masa mazaunin direba a gaba, can ƙasa, da na mai bindiga a sama, da ƙofar baya inda sauran sojoji suke fita. Sannan na danna inda ake ganin hanya ta idon direba. Gilashin ya koma duhu, sai wata ƴar siririyar taga a tsakiya.

Ya matso da fuskarsa. "Ta ɗan wanga rami yake kallon duniya?"

Na ce idan ana cikin haɗari, haka ne, ana rufe murfin sama.

Ya girgiza kai. Ya ce yaron nan tun yana ƙarami, in akuya ta ɓace, shi ake ɗorawa kan rumbu, ya hango ta a inda babu wanda ya gani. Ya ce yana da shekara tara ya fara kora amalanken shanu shi kaɗai zuwa gona, bai taɓa kifar da ita ba.

Daga nan ya zama kowace ranar kasuwa yana zuwa. Ba ya sayen komai sai gishiri da ɗan goro. Mai ƙosai ta saba da shi, tana ajiye masa guda huɗu a takarda. Tambayoyinsa ba irin waɗanda ƴan wasa suke yi ba ne. Akwai zafi a ciki? Ina suke ajiye ruwa? In lokacin salla ya yi suna tafiya, ya suke yi? Yawancinsu ban san amsarsu ba. Abin da na sani shi ne dabarun da wasan ya koya mini, su nake gaya masa. Na ce masa motoci ba sa tafiya a cunkushe, ana barin tazara, don in abu ya sami ta gaba kada ya haɗa da ta baya. Na ce ta baya tana bin sawun ta gaba daidai, taya kan taya, saboda inda ta gaba ta wuce lafiya babu nakiya. Sai ya ce, "To ita ta gaban, sawun wa take bi?" Na ce ba ta bin na kowa.

Wata rana ya ce in ba shi ya gwada. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta saboda hauya, gilashin ma ba ya jin su sosai. Motar ta yi ta karo da bishiyoyi, ta faɗa kwari, ta hau katanga. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. A kasuwa ta uku ya iya tafiyar da ita a miƙe. Ba ya zuwa ko'ina, zagaya filin kawai yake yi a hankali, kamar mai duba gona bayan ruwan shuka.

Ranar ce ya gaya mini abin da yake kawo shi. Ya ajiye salular a cinya, ya ce shi bai so ɗan ya shiga soja ba. Shi ne namiji ɗaya da ya rayu cikin ƴaƴansa, ga gona, ga shanu biyu. Ranar da zai tafi, uban bai raka shi tasha ba, ya ɗauki hauya ya yi gona. Da ɗan ya zo hutu na ƙarshe, da kaka, yakan zauna gindin itacen bedi a ƙofar gida yana latsa wannan salula.

"Na ce mishi, kai da ɗa a gida, kana wasa kamar yaro. Ya yi dariya ya ce, Baba, zo ka zauna in gwada maka, irin aikina ne. Na ce ba ni da lokacin banza. Sau biyu ya kira ni. Kwana uku bayan nan ya koma."

Na ɗauki wata salula da ba ta da matsala na yi ta kwance ta.

Sai ya yi tambayar da na daɗe ina tsoro. Ya ce, ni da na san abin nan, in gaya masa gaskiya: in nakiya ta tashi ƙarƙashin mai tuƙi, yana jin zafi? Yana daɗewa?

Na san ƙasan motar shi ne wurin da ya fi rauni, na kuma san direba ne ya fi kusa da shi. Bayan wannan ban san komai ba, don a wasan babu jini, babu murya. Amma na dubi fuskarsa na ce, "Ko kaɗan, Baba. Nan take ne. Bai ma san abin da ya faru ba." Na faɗe shi da ƙarfin gwiwa kamar wanda ya taɓa gani. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi ya tafi.

Kasuwa biyu bai zo ba. Da ya dawo, ya zauna, bai fito da salular ba. Ya ce sun yi baƙo. Wani soja ɗan wajen Dogon Dutsi, wanda yake cikin mota ta biyu ranar da abin ya faru, ya sami hutu ya zo yi musu ta'aziyya. Shi ya ba su labari. Ɗan ne ke tuƙa ta gaba, kuma ya bar tazara mai kyau, shi ya sa babu abin da ya taɓa na baya. Sun ciro shi da rai. Tun wajen azahar ne, bai cika ba sai da la'asar ta yi. Ya ji zafi ƙwarai da farko, daga baya ya ce ya daina jin ƙafafunsa. Ya roƙi ruwa an ba shi. Kansa yana kan cinyar wannan sojan, ya yi kalmar shahada da bakinsa, ya kuma ce a gaida gida.

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban sani ba, na faɗa."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba tun ranan. Tausayina ka ji." Ya goge ido da bakin rawani. "Amma wanga ya fi mini. Da ka ce nan take, sai na riƙa ganin shi kaɗai cikin ƙarfe, babu kowa. Ashe an riƙe shi. Ashe ya sha ruwa."

Mai ƙosai ta kawo masa nasa, ya karɓa ya riƙe bai ci ba. Ya ce ya ba matar ɗan salular ta ajiye wa jaririn saboda hotunan. Ya ce damina ta kusa, ba zai riƙa samun fitowa ba. Na raka shi har inda motocin Dumega suke lodi, abin da ban taɓa yi ba. Ya sa mini albarka, ya hau baya ya zauna kan buhun wani.

Ban bar wasan a rana ɗaya ba, ƙarya ne in ce haka. Na ci gaba da yi, amma duk lokacin da na harbi wata tanka ta kama wuta, sai in tsaya ina kallonta har wani ya zo ya harbe ni. Abokan wasana suka gaji da ni. A hankali na daina buɗewa.

Bayan an yanke gero, wani mai amalanke daga ƙauyensu ya kawo gyara, na tambaye shi tsohon. Ya ce ai kwana tara ke nan da rufe shi. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi tun tsakiyar damina, maƙwabta ne suka yi masa noma na biyu.

Washegari na rufe rumfa na hau babur na tafi. Gida ne na zana da ɗakuna biyu na laka. Aka kai ni wurin matarsa, wata ƴar ƙaramar tsohuwa zaune kan tabarma, surukarta tana gefe da yaron, wanda ya fara tafiya. Da na faɗi ko ni wane ne, tsohuwar ta ce ta san labarina, duk ranar kasuwa in ya dawo sai ya zauna ya ba ta labarin abin da ya gani, da yadda ake barin tazara, da ƙofar baya.

Na ce in tana so zan iya nuna mata ita ma. Ta ce a'a, idonta ba ya gani sosai, kuma ba ta so. Abu ɗaya dai take son sani. Ɗanta dogo ne, ko a gida ƙafafunsa kan zarce gado. Wurin nan da yake zama, yana da inda zai miƙe ƙafa?

Na ce, "Inna, ban sani ba. Ban taɓa shiga ta gaske ba."

Ta gyaɗa kai. Surukar ta kawo mini fura a ƙwarya, na sha kaɗan. Muka yi addu'a, na yi musu sallama, na kama hanyar Kore Mairuwa tun rana ba ta yi sanyi ba.