A Kafaɗa Muka Kai Ka, Tofazzal Bhai

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ana tsakiyar damina, Allah ya karɓi ran Tofazzal Miya, tsohon kansilan unguwarmu ta Kadamtoli, bayan gajeriyar jinya. Na zauna in rubuta ta'aziyyarka da hawaye, Bhai, wato ɗan'uwa, kamar yadda muke kiranka, sai ga dariya tana kuɓuce mini, na kuma san ba za ka ga laifina ba.

Duk mun san abin da ke ranka. Shekarar da mahaifiyarka ta rasu ruwa ya shanye hanyar maƙabarta, a kwalekwale aka kai ta, ana haƙa kabari ruwa na ɓulɓulowa. Tun daga ranar maganarka ɗaya ce a teburin mai shayi: "Ni fa ba kifi ba ne, a kafaɗa za ku kai ni."

Kai ka fara faɗa mana cewa ba damina ce ta ƙaru ba, fadamar bayan unguwa ce ta ragu. Dokar ƙaramar hukuma ta hana gini sai an bar tazara daga bakin ruwa. Mutanenmu da shegen wayo suka ce to, sai bakin ruwan ya matsa. Kowane gida ya riƙa juye shara ta ƙofar baya, toka, leda, ɓawon kwakwa, har wurin ya taurare, sannan a kira mai awo ya auna daga sabon baki, a ɗora ɗaki. A takarda babu mai laifi, ruwa kuwa da ya rasa mazauni sai ya biyo hanyar maƙabarta.

Da ka zama kansila ka sa aka mai da iyaka tsohon bakin ruwa. Ba ka kafa turakun siminti ba, don ka san za su yi ƙafa. Itatuwan hijol ka dasa, masu jure tsayuwa cikin ruwa, kowace ka raɗa mata sunan jaririn gidan da take kallo. Wace kaka ce za ta watsa ƙayar kifi a kan sunan jikanta?

Sai ga iyakar ta ratsa tsakiyar madafar gidanka. Da hannunka ka rushe ta. Matarka Feroza Bhabi, wato matar ɗan'uwa, ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Gaya wa abokinka, tunda fadama ya aura, ta dafa masa." Ka daɗe kana cin gayan shinkafa da barkono, kana ce mana likita ne ya sa ka.

Kai ka kawo keken shara mai taya uku. Da matuƙin ya ji kunyar busa usur ɗin kiran mutane su fito da shara, ka karɓa, ka riƙa bin sa gida gida, lema a hammata. Tsohuwar layinmu Kulsum Khala, wato Inna Kulsum, ta fito ta riƙe haɓa.

"Tofazzal, titi muka zaɓe ka ka kawo, ka ɓige da alƙalancin wasa?"

"Khala, miƙo bokitin nan, ko ki sha jan kati."

Ta miƙo tana zaginka, washegari ta riga kowa fitowa. An ɗauki shekaru ana kwashe tsohon juji, ka yi maƙiya, yawancinsu daga baya suka dawo shan shayinka.

Kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa kafin ka cika, na ji tsoron kada kai ma sai a kwalekwale. Da la'asar muka fito da kai. Fadama ta cika maƙil har ƙugun itatuwanka, ta tsaya nan. Samarin da suka riƙe makara, jariran nan ne masu itatuwa. Ɗanka Shahed ya sauka kabari, ya damƙo ƙasa ya nuna mini: danshi kawai, ko ɗigo babu. Wallahi na yi murna a bakin kabarinka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa kowace bishiya ta zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Feroza Bhabi, da Shahed da ƙannensa, da duk mutanen Kadamtoli. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Mun cika maka, Bhai, a kafaɗa muka kai ka.