Munduwar da Na Hana Wuta

Munduwar na fara gani, kafin in ga matar da ke sanye da ita, kafin ma in ga ɗanta. Mun gangara kwari ɗiban ruwa da hantsi, sai wani abu ya walƙa a bakin rijiya ya shiga idona. Hannun wata dattijuwa ne yake jan guga, siriri, baƙi wuluk, azurfa tana hawa tana sauka a kansa. Na tsaya da tulu a hannu ina kallo. Sai da wani busasshen dabino ya faɗo mini a kafaɗa na ɗaga kai, na ga saurayi can saman bishiya yana ƙunshe dariya. Ya ce iska ce ta kaɗo shi. Ranar ko ganye ba ya motsi.

A Gure ne, zamanin Kumandan Nasara, ƴan shekaru kafin yaƙinsu na duniya na biyu. Yanzu da na koyi boko da tsufana, jikokina suna kawo mini ƙananan littattafan soyayya daga kasuwar Damagaram, ina karantawa har tuwo ya kama a tukunya. A cikinsu saurayi yakan zo da mota da ƙamshin turare. Nawa da dabino ya jefe ni, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba.

Bayan kaka aka ɗaura mana aure. Ranar da na kwana bakwai a gidansu, dattijuwar nan ta bakin rijiya, wadda yanzu nake ce wa Iya, ta zare munduwar ta zura mini. Bamanga ce, ƴar ƙabilar Mangawa, Hausarta ta kasuwa, gajera, ba ta ƙara kalma inda ba a bukata. Ta ce mahaifiyarta ce ta sa maƙerin fari ya narka tsofaffin kuɗin azurfa, waɗanda Barebari ke kira gursu, ya ƙera ta. Gefe ɗaya akwai zanen ƙananan taurari, ɗaya gefen kuwa ya shafe sumul. Ta ce ado ce, kuma magani ce. Maganar adon ce ta zauna mini a rai. Kullum sai na goge ta da ruwan tsamiya, in miƙa hannu cikin rana ina juyawa, ina jiran maigida ya shigo ya gani.

Maigidana ɗan farin Iya ne, kuma ta riƙe kunyarsa kamar yadda ake riƙewa a da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya shigo tsakar gida sai ta tuna da wani aiki a bayan rumbu. In dole ta ambace shi, wancan take cewa. Ni da zuciyata ta yarinta na ɗauka ba ta damu da shi ba, har nakan ji tausayinsa, ina cewa a raina ni zan ba shi son da bai samu ba.

Lokacin sanyi ne, sa'ad da maza ke hawa su ɗaura wa macen dabino furen namiji. Maigidana yana saukowa ƙafarsa ta zame, ƙayar dabino ta shige masa sama da idon sawu ta karye a ciki. Wanda ya san ƙayar dabino ya san tsawonta ya kai yatsa, kuma ciwonta ba ya mutuwa da daɗi. Aka kira wanzami ya zaro ta da hantsaki, ya ce a riƙa wankewa.

Iya ba ta shiga ɗakin ba. Ta kira ni bayan rumbu, tana tsince gero, idonta a kan faifai.

"Ki cire munduwar ki sa a garwashi har ta yi ja. Ki jefa ta a ruwa cikin sabuwar tukunya, ki zuba gishiri, su tafasa tare tsawon surfen turmi ɗaya. In ya huce ki wanke wa wancan ƙafa, safe da yamma. Tsumman ma ki dafa shi."

Na ji sarai, ba abin da ya ɓace mini. Na hura wuta, na zare munduwar, na ɗora ta a bakin garwashi. Kafin in ƙifta ido gefenta ya fara dusashewa, baƙi yana bin taurarin ɗaya bayan ɗaya. Na fizge ta har na ƙone yatsa. Na zauna ina goge ta da bakin zane, ina ba kaina dalilai. Na ce ai maganin a jikin azurfar yake, wuta hanzari kawai take ƙarawa. Na ce ruwan zafi da gishiri azaba ce ga mutumin da ke cikin ciwo. Na ce hannun mai ƙauna ya fi garwashi. Sai na ɗebo ruwan randa mai sanyi, wanda muke ɗebowa daga rijiyar kwari inda dabbobi ma ke sha, na jiƙa munduwar a ƙwarya, na bar ta ta jima. Wutar kuwa na bar ta tana ci don hayaƙi ya tashi, Iya ta gani daga nesa.

Maigida kuwa ya ji daɗin abin. Yana kwance ya ɗora ƙafa a cinyata, yana kirana lokotoron Gure, wato likita, yana cewa da ya san haka jinya take da tuni ya faɗo. Na ce in ya ƙara magana zan sa masa barkono. Ya ce ya yarda, in dai ni zan daka.

Kwana uku ƙafar ta kumbura. Kwana biyar ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai, wani jan layi ya miƙe daga ciwon ya nufi gwiwa, kaluluwa ta fito masa. Masassara ta rufe shi, wasan ya ragu, sannan ya ɗauke. Dattawan gidan suka zauna a zaure suka yanke shawarar a ɗora shi a raƙumi a kai shi wurin lokotoro a Damagaram, tafiyar kwanaki. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga ƙafar da ta kai haka. Ko a yanke ta, ko mai ita ya ƙare a hanya. Ni kuwa na ƙara wa munduwar lokaci a cikin ruwan sanyi, ina kuka a kan ƙwaryar, ban yarda na haɗa abin da na yi da abin da nake gani ba.

Washegari da safe muna daka ni da Iya a turmi ɗaya. Na ɗaga taɓarya, rana ta bugi hannuna, munduwar ta walƙa kamar ranar da na fara ganinta. Iya ta tsayar da tata taɓaryar. Ta kama wuyan hannuna ta juya shi.

"Wannan ba ta ga wuta ba," in ji ta.

Ban iya ƙarya ba. Na gaya mata duka, har da hayaƙin. Na jira ta zage ni, ko ta ce in koma gidanmu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zare munduwar daga hannuna, ta nuna mini gefen da ya shafe.

"Kin ɗauka tsufa ne ya cinye zanen nan, ƴata? Cibiyarsa ce. Kaciyarsa ce. Da shekarar da ƙyanda ta so ta tafi da idonsa. Kowane karo wuta ta ci, na goge da yashi. Uwata ke wanke shi, ni ban isa in taɓa shi a gaban mutane ba. Wutar dai ni nake hurawa."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba, kuma ban sake ji ba. Ta jefa munduwar tsakiyar garwashi ba tare da ta ƙara dubanta ba. Na tsaya ina kallon taurarina suna baƙi, sannan suna ja. Ta aika a gaya wa dattawa su ba ta kwana uku kafin a ɗaura wa raƙumi sirdi, ta aika a sake kiran wanzami, ta sa ya tsoma askarsa cikin tukunyar tana tafasa, yana gunaguni cewa shekara da shekaru yana aiki ba wanda ya taɓa dafa masa aska.

Daga nan ta yi abin da matan gidan suka daɗe suna labarinsa. Ta ɗauki tukunyar ta shiga ɗakinmu da rana tsaka, ta durƙusa a gaban ɗan farinta. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ja mayafi ya rufe fuska don kunya. Daga ƙarƙashin mayafin, da muryar da masassara ta shaƙe, ya ce, "Iya, ɓatan hanya kika yi?"

Ni ta kalla. "Ki gaya wa wancan ya rufe baki ya miƙo ƙafa."

Wanzami ya tsaga, mugunya ta zubo, a cikinta har da wani ɗan guntun ƙaya da ya saura. Iya ta wanke da ruwan gishirin nan mai ɗumi, ta matsa, ta sake wankewa, shi yana cizon mayafi, ni ina riƙe da kansa. Ta naɗe da dafaffen tsumma. Da yamma ta ce in yi da kaina tana tsaye a bakin ƙofa, ta ba mu baya, amma na san kunnenta yana kan tafasar tukunya.

Ranar da kwana ukun suka cika jan layin ya tsaya, masassarar ta sauka, ya nemi fura. Ba a ɗaura sirdin ba. Iya ba ta sake shiga ɗakin ba, ta koma bayan rumbunta kamar ba abin da ya faru.

Ƙafar ta tsira, amma idon sawun ya sandare. Bai ƙara hawa dabino ba har ya bar duniya. Ya koma ban ruwan albasa da alkama a kwari, yana ɗingishi tsakanin fangali da rijiya, wasu suna hawa masa bishiyoyinsa. Na gaya masa gaskiya tun yana kwance, ina jiran ya juya mini baya. Sai ya ce dama ya gaji da hawa, abin da yake hange daga sama ya riga ya jefe shi ya samu. Wani lokaci in na hango shi ya tsaya a gindin dabino ya ɗaga kai yana kallon matasa, sai in sami wani aiki a bayan rumbu ni ma.

Ɗaya daga cikin jikokina tana aiki a gidan likita a Damagaram. Da na ba ta labarin nan, ta ce ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cikin ruwan rijiyar da na riƙa zuba masa. Ta ce tafasar da gishirin da dafaffen tsumman da tsagar wanzami su ne suka yi yawancin aikin. Azurfa, in ji ta, tana da ɗan rabonta, har suna da wani man shafawa na ƙuna da ake haɗawa da ita, amma in daina gaya wa mata munduwa za ta tsaya musu a madadin likita. Na yarda da ita, na daina. Sai dai na san a gidanmu ba wanda zai tsaya ya tafasa ruwa tsawon surfen turmi guda don ruwa kawai. Don azurfar muke yi.

Iya ta daɗe a duniya. A ƙarshe idonta ya tafi, ƙafafunta suka daina ɗaukarta, kwanciya ta fitar mata da gyambo a baya. Ban jira kowa ya gaya mini ba, na sa munduwar a garwashi, safe da yamma, wata biyu, har sauran taurarin suka kusa bin na farko. Maigidana ke ɗaga ta in zan wanke, yana ɗingishi, ita tana yi kamar ba ta san hannun waye ba. Wata safiya da ya kwantar da ita ta riƙe yatsansa ba ta saki ba, ta ce mini in tambayi wancan ko ƙafar tana damunsa in sanyi ya shigo. Ya ce in gaya mata ba ta damunsa. Ta rasu a shekarar, dab da nunar dabino, ba ta taɓa kiran sunansa ba.