Kwamfutar Waƙoƙin Gidanmu

Shekarun baya, tun ina gidanmu a Dogon Dutsi kafin in yi aure, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ke zaune a kusurwar ɗakin mahaifiyata, an lulluɓe ta da zane don ƙura. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Aikinta ɗaya ne, ajiye waƙoƙi. Duk wanda ke cikin gidan yana iya zaɓar waƙa daga wayarsa, sai ta fito ta lasifikar da ke rataye a rumfar tsakar gida.

Yayana ne ya haɗa ta lokacin da ya dawo daga karatu a Yamai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban motar haya ne tsakanin Dogon Dutsi da Ɗan Kassari, kuma ba ya rabuwa da rikodarsa. Duk inda ya tarar da masu gurmi ko goge, a biki ko ranar kasuwa, sai ya tsaya ya ɗauka. Ya rasu ya bar kwali biyu cike da kaset. Yayana ya kwashe watanni yana juye su ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfutar nan, ni ina gefe ina karanto masa rubutun da ke bayan kowane kaset. Daga baya ɗakin ajiya ya yi yoyo, kaset ɗin suka lalace. Abin da ke cikin kwamfutar shi kaɗai ya rage.

Bayan haka yayana ya canza. Ya shiga karatun addini sosai, ya buɗe shagon kayan moto, wato babur, a kasuwa, ya bar sauraron kiɗa gaba ɗaya. Bai taɓa yi mana faɗa ba. In ya zo gaida Inna ya tarar ana kiɗa, sai ya tsaya daga zaure har a kashe. Muna gari ɗaya, layi biyu ne tsakaninmu, amma hirarmu ta koma gaisuwa.

Wata damina, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta ƙi tashi. Inna, wadda ba ta tsinkar zogale ko gyaran wake sai da gurmi a kunne, ta yi kwana biyu tana aiki shiru. Na aro allo da madannai daga biro, wato ofishin da nake aiki, na jona. Baƙin allo ne da farin rubutu, layi kan layi. Ni da ake kira gwanar kwamfuta a biro don ina buga wasiƙa da yatsu huɗu, ban gane ko kalma ɗaya ba.

Na ɗora ta bayan moto zuwa wajen wani mai gyara a kasuwa. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Sistem ɗin ya mutu. Sai a share komai a zuba sabo."

Na ce, "Waƙoƙin fa?"

Ya ce, "Hajiya, waƙa ai ta cika duniya. Ni zan zuba miki wasu."

Na ɗauko abata na dawo gida.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na kalli bidiyo har wayata ta yi zafi, na sauke sabon sistem a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na bi mataki bayan mataki ina jin kaina. Can sai allon ya tambaye ni wane diski zai share. Guda biyu ne, sunayensu kusan ɗaya. Na san ɗaya na sistem ne, ɗaya na waƙoƙin Baba. Wanne ne wanne, oho. Na ɗora yatsa a kan madanni, sai na fasa. Na zare wayar wuta.

Washegari na je shagon yayana. Na jira ya sallami wani mai sayen taya, sannan na gaya masa.

Ya ce, "Ƙanwata, kin san na bar wanga abu."

"Yaya, ban ce ka saurara ba. Ka faɗa mini wane diski ne kawai."

"Ba ni iya sani sai na gani."

"To ka zo ka gani."

Ya shiga jera kwalaben mai a kan kanta, waɗanda dama a jere suke. Da na koma na ba Inna labari cikin fushi, sai ta ce, "Ƙyale yayanki. Abin da ya ga shi ne daidai, shi ya kama. Kar ki matsa mishi."

Kwana uku shiru. Ranar Asabar da hantsi muka ji tsayuwar moto a ƙofar gida. Yayana ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya dube ni ya ce, "Ina take?"

Ya shimfiɗa tabarma a rumfa, ya kwance kusoshin murfin. Ashe zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, kusa da fanka. Yayana ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Kun ba da haya ba ku sani ba." Ya zare diski ɗaya ya sa mini a hannu. "Wanga shi ne na Baba. Riƙe shi kamar jinjiri. In ba ya ciki, ba abin da zai taɓa shi."

Abin da ya hana ni barci kwana da kwanaki, ashe maganinsa ke nan, a cire shi tukuna.

Ya zuba sabon sistem a ɗayan. Abin yana ɗaukar lokaci, ba abin yi sai jira. Inna ta kawo fura. Nan muka zauna mu uku, hira ta ɓarke. Ya tuna mini yadda Baba yake tsayar da mota cike da fasinja don ya ji kiɗa daga wani ƙauye, mutane suna ta mita shi ko a jikinsa. Inna ta ce wata rana har da mai naƙuda a motar. Muka yi dariya har na ƙware da fura. Ni dai ina satar kallon allon, ina fatan kada ya yi saurin gamawa.

Da ya gama, ya mayar da diskin Baba, ya sa na ɗauko littafi na rubuta duk abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. "Don gaba," in ji shi. Sunayen waƙoƙin suka fito a wayata kamar yadda muka jera su tun farko.

Na ce, "Saura gwaji."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Bari in fita tukun."

Ya yi wa Inna sallama ya fita. Na ɗan jira in ji tashin moto, ban ji ba, na ɗauka ko ya tura ta ne. Na danna waƙar farko da hannuna ya faɗa a kai. Hayaniyar kasuwa ta fito, sai muryar Baba yana ce wa mai gurmin, "Matso kusa, malam, iska na ɗauke ma murya." Gurmi ya kama. Inna ta ajiye ludayi.

Waƙar doguwa ce. Sai da ta kai ƙarshe, har inda Baba ya yi godiya ya kashe rikoda, sannan muka ji moto ta tashi a bayan katanga. Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗauke kwanon nan."

Har yau ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa ɗago maganar ba. Ina girmama hanyar da ya zaɓa, kuma na san abin da zuwan nan ya ci masa. Sai dai ban san mutum yana iya kewar wanda yake gani kowane mako ba sai a kansa.

Kwamfutar tana nan. Sau biyu ta sake lalacewa, sau biyun kuma na buɗe littafina na gyara ta ni kaɗai, cikin awa guda. Ya koya mini da kyau, har ya yi yawa. Wani lokaci in na ɗaure kusoshin ƙarshe, sai in ji ina ma a ce ta yi irin lalacewar da ba ta cikin littafin.