Baba Dogo na Gumel, Bakaniken da Ke Goya Hannu a Baya

Kafin rana ta yi zafi, Baba Dogo Mu'azu ya share gindin darbejiyarsa a bakin hanyar Maigatari, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ya zauna jiran tsofaffin motocin Gumel. Sababbi ba sa zuwa wajensa. Nasa su ne 'yan Kwatano da suka ga jiya suka ga yau, masu tashi da tari kamar mu tsofaffi.

Duk mai kawo mota ya san sharaɗinsa. Babban gyara shi zai yi. Amma ƙananan abubuwa, sai ya goya hannu a baya ya ce, "Buɗe bonet da kanka." Zai sa ka zaro ƙarfen awon baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka duba. Zai nuna maka ruwan lagireto, ya ja maka kunne kada ka taɓa murfinsa inji na da zafi. Abokan sana'arsa sun sha cewa kansa yake toshe wa hanyar abinci, wai mai sana'a ba ya tona asirin sana'arsa. Maganar ta daɗe a bakin mutane, amma daɗewa ba ta mai da ita gaskiya ba.

Cikin waɗanda suka sha wannan horo akwai Jannatu, ungozoma a ƙaramin asibitin wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Motarta ce ke kai mai naƙuda Gumel idan haihuwa ta zo da gardama, kuma babu bakanike ko ɗaya a hanyar.

"Baba, ni fa ba gareji zan buɗe ba," in ji ta. "Dubi fararen kayana."

"Malama, ke mai karɓar haihuwa baƙin mai zai ba wa ƙyama? Kama sifanar nan."

"In na ɓata fa?"

"Motar nan ta girme ki, ba abin da ba ta gani ba. Ɗaure."

A daminar bara Jannatu ta ɗauko wata mai naƙuda, Adawiyya, tare da mijinta Ubale, jini ya ɓalle mata. Ubale ne ya ba ni labarin. Suna tsakiyar gonaki motar ta mutu. An murɗa makulli, shiru. Manoma suka taso suka tura, yashi ya riƙe tayoyi. Ubale ya ce batir ne ya ƙare, bari ya nemo mashin, alhali matar ko zama ba ta iyawa. Jannatu ta buɗe bonet, ta girgiza kan batir, ta ji ya kwance saboda gargadar hanya, ga farin gari ya cinye shi. Ta kankare, ta ɗaure tamau, ta murɗa makulli. Mota ta tashi. Yau Adawiyya na nan da ranta, tana goyon 'yarta.

Da labari ya iso gindin darbejiya, Baba Dogo ya yi hamdala, sannan ya tambaya, "To, ta shafa wa kan batir ɗin giris daga baya?"

Bana gwiwa ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, ya ce ya ajiye aiki. Baba Dogo, kai ne malamin da ba shi da allo. Kai ne ka yarda hannun mace zai riƙe ƙarfe, a lokacin da ake yi maka dariya. Ba ka taɓa ganin Adawiyya ba, amma mu mutanen ƙasar Gumel mun san rabonka a cikin numfashinta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya.

Ku kuma masu sana'a, ku bar mai mota ya kama da hannunsa ya koya. Ba ku san a wace hanya za ta tsaya masa ba, ba ku kuma san wa zai kasance kwance a kujerar baya ba.