Takabar da Na Yi a Gidan Kan Dutse

Shekarun baya, da maigidana ya ajiye aiki a tashar jiragen ruwa ta nan Jidda aka ba shi ɗan abin sallama, sai ya shigo mini da maganar da ban taɓa zato ba. Wai gida zai saya a wata ƙasa mai duwatsu da ruwan sama, inda 'yan Jidda ke gudu in zafi ya kama. Ba sai na kira sunanta ba, mutanenta ba su yi mini laifin komai ba.

Na ce, "Malam, kakanninmu sun tako da ƙafa daga ƙasar Hausa don su mutu kusa da Makka, kai kuma za ka kwashe mu ka kai bayan duniya?"

Ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina shaƙar gishiri da hayaƙin manyan motoci. Ki bar ni in ga ciyawa."

Na bar shi. Gidan ɗaki biyu ne da falo, da baranda mai kallon wani kwari. Masu fasfo irin namu, jawaz muke cewa a nan, ba sa neman biza. A filin jirgi ake buga maka hatimi, a ba ka kwana casa'in. Malam ne ke riƙe da takardun, shi ke lissafin ranakun. Ni ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa buɗe jawaz ɗina ba sai don in ga yadda suka ɓata mini fuska a hoto. Sau uku muna zuwa muna komowa unguwarmu ta Ruwais lafiya. Har na fara son wurin, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

A zuwa na huɗu, mun yi wata biyu, yana zaune a baranda bayan azahar da kofin shayi ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin motar asibiti ta gama hawo dutsen, Allah ya karɓi abinsa. Maƙwabta Musulmi ne, su suka yi masa wanka da sallah, suka kai shi maƙabartar ƙauyen da ke can sama da mu. Ban bi su ba, mu nan ba mu saba mata su bi gawa ba. Na dai tsaya a taga har suka sha kwana.

Washegari 'yata ta fari ta iso daga Jidda. Ta bar ni na yi kwana bakwai, sannan ta zauna gabana da jawaz ɗina a hannu.

"Ummi, kwana ashirin da uku suka rage miki. Mu haɗa kaya, ki ƙarasa takaba a gida."

Na ce, "Nan ɗin gidan wa ne?"

"Gidan Baba ne, amma..."

"To halas, magana ta ƙare. Inda mutuwar miji ta sami mace, nan take zama. Wata huɗu da kwana goma. Haka uwata ta yi, haka tata uwar ta yi."

"Ummi, gidan namu ne, ƙasar ba tamu ba ce. Takardar gida daban, izinin zama daban."

Na ce ban taɓa jin inda mutum ya sayi gida da guminsa sannan aka ƙirga masa kwanan da zai yi a ciki ba. Wane ne zai hau dutsen nan ya ce wa tsohuwa mai takaba ta fita?

Ba ta gaji ba. Ta sauka gari ta yi tambaya, ta dawo da murna. Ashe mai gida a ƙasar yana iya neman iƙama ta ɗan lokaci, wato izinin zama, in ya nema kafin kwanakinsa su ƙare. Abin da ake bukata kawai in je ofis da kaina, a ɗauki hotona da zanen yatsuna. Tafiyar rabin yini.

Na ce, "In fita ina takaba, in je in tsaya gaban maza su ɗauki hotona? Ubanki ko kwana goma bai yi a ƙasa ba."

Ta kira wani malami a Jidda ta sa mini wayar a kunne. Mutumin ya yi mini bayani a hankali. Ya ce mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama, ya ce ma tun da tafiya muka yi, gidana na Ruwais ya fi cancanta da zamana. Na saurare shi har ya gama, na yi masa godiya. Da ta kashe wayar na ce, "Wannan da jin muryarsa ko gemu bai gama fito masa ba."

Ta ce, "Wallahi Ummi, ya girmi Baba."

Na ce, "To ya tsufa a banza."

Allah ya yafe mini wannan maganar. Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa mata ba a lokacin. Ba addini ne ya zaunar da ni ba. Maigidana ko ruwa bai iya nema da yaren ƙasar ba, kullum da hannu yake ciniki. Na kasa tunanin in hau jirgi in bar shi shi kaɗai a cikin sanyin nan tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Amma mace irina ba ta cewa haka. Ta gwammace ta ce hukunci ne.

'Yata ta yi wata ɗaya ta ce za ta koma wajen 'ya'yanta a unguwar Kurayyat ta Jidda, ta adana sauran kwanakinta don ta dawo ta ɗauke ni. Na ce, "Je ki, mai ƙirgar kwana kamar wadda ta ci bashin su." Ta share hawaye ta tafi. Wata maƙwabciya ce ta riƙa kawo mini burodi da madara kowace safiya, mu zauna tare, ba mai jin yaren wata.

Can ba a ganin wata, gajimare ne kullum. Sai na samu kwano, duk asuba in ci dabino ɗaya in jefa ƙwallon a ciki. Ban taɓa kuskure ko na kwana ɗaya ba. Ina alfahari da wannan ƙirgar tawa, ashe hukumar ƙasar ma tana can tana tata.

Niyyata ita ce ranar da na fita takaba in yi wanka, in sa a kai ni in tsaya a kansa, don can mata na zuwa maƙabarta ba mai hana su. Kwana uku kafin ranar, dusar ƙanƙara ta sauko kamar an zazzage auduga, ta rufe hanyar hawa ƙauyen maƙabartar. 'Yata ta riga ta dawo, ta sayi tikiti. Mai motar da za ta sauke mu gari ya ce hanyar ƙauyen ba za ta buɗe ba sai bayan mako biyu ko fiye.

Ta ce, "Ummi, duk kwanan da muka ƙara, laifinki yake ƙarawa. Yalla, mu tafi."

A karo na farko na bi maganarta. Ranar da takabar ta cika na kalli saman dutsen na ce a raina, da zafi ya kama zan dawo.

A filin jirgi wani saurayi mai ladabi ya buɗe jawaz ɗina, ya daɗe yana kallon na'urarsa, ya kira wani. Aka kai mu wani ɗaki aka ba ni kujera. 'Yata tana ta bayani da Turancin da ta iya, tana nuna takardar mutuwa da takardar gida. Suka yi mini ta'aziyya, har shayi suka kawo. Sannan suka ce na wuce kwanakina da sama da wata uku, kuma ban nemi izini ba alhali ƙofar nema a buɗe take. Muka biya tara, aka buga mini wani hatimi.

Na ce, "Me suka rubuta?"

Ta ce, "Shekara biyar ba za ki shigo ba."

Ban yi kuka a gabansu ba. Na gyara mayafina na miƙe.

A shekara ta uku aka sayar da gidan don a raba gado. Kafin ta biyar ta cika zuciyata ta fara ciwo, likita ya ce ni da jirgi mun yi sallama. Bara 'yata ta je ita da mijinta. Ta hau har ƙauyen, ta kira ni ta waya mai hoto, ta juya mini ita. Na ga ciyawa, na ga wani farin dutse da maƙwabtan suka kafa masa.

Ta ce, "Ummi, ga Baba. Yi magana."

Ni da duk Ruwais an san ba a kai ni ƙarshen zance, da ƙyar na ce, "Salamu alaikum, Malam. Ni ce. Na makara."

Ina gaya muku wannan ne ku da kuke sayen gidaje a ƙasashen mutane. Mabuɗi yana buɗe ƙofar gida ne kawai. In ɗanku ya zo muku da takarda ya ce kwana kaza ya rage, ku saurare shi ko da ku kuka goya shi. In kuma tsoro ne ko kewa ke riƙe da ku, ku kira su da sunansu, kada ku ce Allah ne ya ce. Rabin yini na ƙi bayarwa don kada in bar shi shi kaɗai. Yau shekara tara ke nan yana can, ƙafata ba ta taɓa taka inda yake ba.