Numfashin Ɗan Fari

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da haihuwar farin ƙanwata a Dugabau ba. Yaron bakwaini ne, ɗan mitsitsi, ko kuka ba ya yi. 'Yan barka sai yabo suke: "Kai, wannan yaro akwai haƙuri!" Ita kuwa mai jego tana ƙuryar ɗaki ta juya baya, don a wajenmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, balle ta yi zancensa. In ta saci kallonsa ma tsiya ake yi mata.

Ranar da na je daga Gwarzo, sai da ɗaki ya watse sannan ta jawo zanena.

"Yaya, in yana barci numfashinsa ɗaukewa yake yi. Sai leɓensa ya yi baƙi sannan ya dawo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin suna. Nauyin faɗa wa Inna na ji, kar a ce ba ni da kunya."

Innalillahi! Surukarta take nufi, baiwar Allah da ko tsawa ba ta taɓa yi mata ba. Nan take muka kwashe shi sai asibiti. Nas ta naɗa masa wani ɗan abu mai jar fitila a ƙafa, ta ce yana auna iskar da ke jininsa. In numfashi ya tsaya lamba ta sauka, na'ura za ta yi ƙara, sai a shafa bayansa. Likita ya ce ciwo ya riga ya ci jikinsa, amma za a gwada.

Duk ƙarar da na'urar nan ta yi, ni ke zabura in shafa shi. Surukar na zaune, don haka ƙanwata ta kafa ido a ƙasa. Wata la'asar ƙarar ta ƙi tsayawa. Ƙanwata ta yi wurgi da mayafi, ta ture ni, ta riƙe ƙafarsa.

"Ɗana, yi numfashi! Ga ni nan, ɗana!"

Surukar ta fashe da kuka. Bai dawo ba.

Na san kwana ne ya ƙare, amma wallahi har yau abin yana cin raina. Babu mai lura da jariri kamar uwarsa, ita ce kuma muka koya wa yin shiru. Yanzu duk gidan barkan da na shiga sai na keɓe mai jego na tambaye ta abin da ta gani, ko da za a ce na cika shisshigi.