Karta da Ƙwallon Dabino a Al Nahda

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina suke hawa matattakalar metro ba sai na lallashe su ba, na zauna a wani flat a Al Nahda, can bakin iyakar Sharjah. Ɗaki uku ne, kowa da nasa, falo da kicin kuma na tarayya. Aikina a Al Sabkha yake: 'yan kasuwa su zo daga Kano su sayi kaya, ni in haɗa musu cargo in tura. In kasuwa tana ci, bakina ba ya hutawa. Amma da zarar zafi ya shigo, mutanenmu sun ɗauke ƙafa, sai in wuni in kwana ban yi Hausa da kowa ba sai da Ubangijina a cikin addu'a. Mai ɗakina ta riga ta rasu, 'ya'ya kowa yana gidansa. In sun kira waya tambaya biyu ce: ya jiki, yaushe za ka dawo. Ina amsawa an gama hira.

Ranar Juma'a ta fi kowace rana tsawo. A sauko daga masallaci, in ci abinci ni kaɗai, in zauna ina sauraron ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kamar mai jiran ta faɗa min wani abu.

Wata Juma'a ina kicin, butar lantarki ta ƙi tafasa ruwa. Na dube ta na ce, "Ke ma kin ƙi ni?"

Sai na ji daga bayana an ce, "Baba, ba ka kunna soket ba."

Saura kaɗan in yar da kofi. Maƙwabcina ne na ɗakin tsakiya, wanda muka daɗe muna gaisawa da ɗaga kai kawai. Ashe mutumin Gana ne, Kirista, amma tashin zangon Kumasi, Hausa a bakinsa kamar ya gada. Ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Gadi yake yi a wani babban kanti, tsayuwa tun safe har yamma.

Na ce, "Kana jin Hausa ka bar ni ina hira da buta?"

Ya ce, "Na ga kuna fahimtar juna ne, ban so in shiga tsakani ba."

Daga ranar muka ƙulle. A kan shayi ya faɗa min cewa kafin gadi, a Accra, shi mai raba karta ne a gidan caca, wanda suke kira dila. Yanzu kuma yana neman aikin a irin manyan jiragen ruwan nan na masu yawon shaƙatawa. Za a gwada shi, ga shi hannunsa ya yi tsami, ba shi da wanda zai zauna gabansa ya riƙa raba masa.

To, malaman waya, ku ajiye fatawarku tukuna. Ko dirhami ɗaya bai taɓa hawa teburinmu ba, kuma garin ma ba a yarda da wannan harka ba. Teburin namu katakon guga ne da muka shimfiɗa wa koren tawul. Jarinmu ƙwallon dabino. Kuma kafin ka samu jari sai ka cinye dabinon, shi ya sa har yau in likita yana min faɗan sukari nake cewa a raina, laifin Gana ne.

Wasan sunansa blakjak. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, a kan katakon guga na ƙarasa karatuna. Abin da ake nema shi ne lissafin katinka ya kusanci ashirin da ɗaya fiye da na dila, amma kada ya wuce. Duk kati mai hoton mutum goma ne. In kana son a ƙaro maka kati, sunansa hit. In ka ce ya isa haka, sunansa istan. In haɗama ta ja ka ka wuce ashirin da ɗaya, ka yi bost, wato ka ƙone, dila ya kwashe 'yan ƙwallayenka ko ta'aziyya babu. In kun yi daidai da shi kuma fush ke nan, ba ka ci ba, ba a ci ka ba, sai ya ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa kowa ya riƙe nasa. Akwai wani wai isfilit, in katinka biyu iri ɗaya ne ka raba su gida biyu. Wannan na daɗe ina ƙin yi, na ce ni ba na raba 'yan uwa.

Ranar farko ya ba ni kati biyu, na lissafa da yatsu na ce, "Ƙaro min."

Ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

Na ce, "Hit nake cewa, da Turancin Ingila. Ƙaro!"

Ya ce, "Baba, ban ji ba."

"Kurmancewa ka yi?"

Ya nuna silin da yatsa, inda babu komai sai ƙwan fitila da ƙura. Ya ce, "A wurin aiki akwai kyamara a can. Ba ta jin magana, hannu take gani. Mutum zai ce a ƙaro, in ya ƙone ya rantse bai ce ba. Saboda haka dila ba ya aiki da baki. In kana son kati, ka ɗan taɓa tebur da yatsa. In ya isa, ka kifa tafinka ka shafa iska a saman katin, haka. Abin da hannu ya yi, shi aka yi."

Na ce, "Wato duk faɗin bakin nan nawa, a nan ba shi da daraja?"

Ya ce, "Ko kaɗan, Baba."

Wani abin da ya ba ni tausayi shi ne, shi dilan ba shi da zaɓi. In nasa sha shida ne ko ƙasa, dole ya ƙara ko da yana ganin wuta. In ya kai sha bakwai, dole ya tsaya. Na ce ashe dai kai ma irina ne, inda visa ta ce a nan muke tsayawa. Kuma duk sanda muka tashi, sai ya tafa sau ɗaya, ya buɗe tafukansa sama, ya kifa su ƙasa, yana nuna wa ƙwan fitilar nan cewa bai ɗauki komai ba. Haka dokar aikin take in dila zai bar tebur.

Ba a daɗe ba na zama farfesa. Don ya saba da mutane iri-iri, nakan zama masa attajiri mai fushi, in zama Baturiya mai yawan tambaya, in zama wanda ya ƙone yana zargin an yi masa asiri. Shi kuwa fuska a ɗaure, sai dai in ga kafaɗarsa tana rawa. Hannunsa ya dawo, kati yana fita yana sauka gabana kamar an aiko shi. Ni kuma na lura tun Laraba nake sayo dabino. Juma'a ta gajarce. Har 'yata ta ce min a waya, "Baba, muryarka ta canja, ko aure za ka yi?" Na ce mata karatu na koma.

Abin da ban zauna na lissafa ba, duk da farfesancin, shi ne cewa duk ranar da hannunsa ya ƙara kyau, tafiyarsa ce take ƙara matsowa.

Ya je gwaji, ya ci. Juma'ar da ta biyo baya ya shimfiɗa tawul kamar kullum, ya raba min kati biyu, goma da shida. Amma sai ya tsaya da sauran kartar a hannu.

Can ya ce, "Baba, sun ɗauke ni. Amma wurin gadi ma sun ce za su sabunta min visa in ina so. Gobe zan ba da amsa."

Na ce, "To, mene ne abin tunani?"

Ya ce shekaru sun ja. Bai taɓa kwana a kan ruwa ba. A jirgi sai a yi watanni ba a taka ƙasa ba, kuma ba wanda zai yi masa Hausa ko Twi, yarensu na Gana. A nan ko ba komai ya san hanyar bas, ya san inda ake sayar da doya. Sai dai ya kuma faɗa min tun tuni cewa gadi ba ya riƙe karatun 'ya'yansa, kuma ƙafafunsa sun fara kumbura da tsayuwa. Na san wannan, shi ma ya san na sani.

Ya ce, "Kai ne babba. In tafi ko in zauna?"

Na gyara murya irin ta manya na ce, "Yalla, kama hanya! Wa ya riƙe ka? In huta da Hausarka da ba ta bambanta mace da namiji. In samu katakon guga in goge kayana kamar kowane ɗan Adam."

Bai yi dariya ba. Ba fuskata yake kallo ba.

Ya ce, "Baba, hannunka."

Na duba. Tafina a kife yake a saman katin, yana kai da komowa a hankali. Wallahi ban aike shi ba.

Na ce, "Tawul nake gyarawa."

Ya ce, "Kyamara ba ta san gyaran tawul ba." Ya sauke kartar a gefe. "In na bi dokar aiki, an tsaya ke nan. Khalas, magana ta ƙare. Gobe in ce wa masu jirgi na fasa."

Da wasa ya faɗa, amma na san shi. Tsoro yake ji, yana neman wanda zai jingina da shi ya zauna, ni kuma ga ni a zaune na miƙa masa kafaɗa. Da na yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da shi ke nan, na samu Juma'o'ina. Ba wanda zai ce na hana shi, ai bakina cewa ya yi ya tafi. Na saurari na'urar sanyin nan tana ƙara, na tuna yadda muke zama ni da ita kafin ya zo. Na kuma tuna ƙafarsa da yake jiƙawa a ruwan ɗumi duk yamma.

Na janye hannun, na dunƙule shi, na fito da yatsa ɗaya na taɓa tebur.

Ya ce, "Ka tabbata? Sha shida gare ka."

Na sake taɓawa, da ƙarfi, har ƙwallayen suka yi tsalle.

Ya ɗauki karta ya zaro ɗaya ya ajiye. Mai hoton sarki ne.

Ya ce a hankali, "Bost, Baba."

Na ce, "Na iya lissafi. Kwashe."

Ranar tafiyarsa da hantsi na raka shi ƙasa wurin tasi. An sa jaka a but, mun yi musabaha, na yi masa addu'ar hanya, ya ce amin irin ta 'yan zango. Har ya buɗe ƙofa sai ya juyo, ya tafa sau ɗaya, ya buɗe min tafukansa sama, ya kifa su ƙasa. Na ce, "Na gani, ba ka ɗauki komai ba. Shiga, mita tana gudu." Na koma sama na tarar ya bar min koren tawul a ninke a bakin ƙofa. Ɗakinsa wani ya shiga wanda muke gaisawa da ɗaga kai.

Da farko yana turo saƙon murya daga garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Daga baya sai da Sallah. Yanzu shiru, kuma ban riƙe shi da komai ba, na ji dai babbar 'yarsa ta gama makaranta. Na ƙara 'yan shekaru a Al Nahda ni da buta, sannan na tattara na dawo Kano.

Kartar ban sake taɓawa ba, kalmomin ne suka ƙi fita daga kaina. Abin da ya rage min a karatun shi ne wannan, ku masu tsofaffi a gida ko a wata ƙasa: in tsoho ya ce muku lafiya lau, ku tafi abinku, ba ya bukatar komai, to kun ji bakinsa. Ku ɗan saci kallon hannunsa.

Jiya 'yata ta zo min wuni da yaranta. Da la'asar ta miƙe tana ɗaura mayafi ta ce, "Baba, ko mu kwana?" Na ce ina, ku tafi, mijinki yana jira, ni ma in huta da hayaniya. Ta yi dariya ta kama hannun ƙaramin. Ni kuwa tun kafin ta gama tambayar na riga na cusa hannuwana biyu a aljihu.